Masaƙin da Ya Naɗe Kurkunu

Kwanaki ke nan ina yawo da wata magana a ƙirji, ko tuwo na tuƙa sai ya yi gudaji. 'Yata ta biyu, Barira, ta zo mini wuni, ina tsintar shinkafa ta ce, "Umma, ni fa mijin nan nawa bai yi mini komai ba. Ina ƙaunarsa, ko ƙaya ba na so ta soke shi. Amma abin nan da nake ji a da, in na jiyo babur ɗinsa a ƙofar gida gabana ya faɗi don daɗi, ya tafi. Anya ba cutarsa nake yi ba da nake zaune?" Sai na ce ta miƙo mini faifai. Ni karatuna bai yi nisa ba. Abin da nake da shi kawai wani misali ne da na ji gwaggona, Allah ya jiƙanta, tana ba wata amarya.

Wai an yi wani masaƙi da yake saƙa a gindin tsamiya, bayan dangar wani gida. A gidan akwai budurwa mai waƙar niƙa. Da ta durƙusa a dutse ta ja murya, sai hannunsa ya tsaya, zare ya yi ta sarƙewa bai sani ba. Bawan Allah ya rame, ya bar cin abinci, har abokansa suna cewa a nemo masa rubutu ya sha. Aka yi aure. Da fari in tana niƙa ba ya iya fita, sai ya laɓe a zaure yana murmushi shi kaɗai. Sannu a hankali kunne ya saba. Waƙar ta zama kamar carar zakara, ana yi ba mai juyowa. Wata rana ya dafa ƙirjinsa ya ji shiru. Abin ya dame shi, don mutum ne mai tsoron haƙƙi: yana cin tuwonta, tana yi masa fara'a, shi kuwa wutar nan ta mutu. Sai ya ƙudura zai gaya mata gaskiya, in ta so ta koma gidansu, ko Allah ya ba ta wanda zai haukace a kanta kamar yadda ya yi a da.

Bai kai ga faɗa mata ba damina ta sauka, kurkunu ya fito mata a idon sawu. Yaran yanzu ba su san shi ba. Tsutsa ce doguwa, fara kamar zare, a ruwan sha ake ɗaukarta, tana leƙowa daga ƙafa, kuma ba a fizge ta. Kullum ɗan kaɗan ake naɗewa a jikin kara, in ta katse a ciki ƙafa ta kumbura, wani ma ya gurgunce. Wata tsohuwa ta zo za ta naɗe, ya ga hannunta yana rawa, ya ce, "A'a, Iya, zare aikina ne." Kowace safiya ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya jiƙa ta da ruwa, ya murza karan a hankali, da ya ji ta ƙi sai ya tsaya. Tana kuka tana ce masa mugu, yana ba ta haƙuri. Waƙa kam babu, sai ƙuda da warin ciwo. Masu kawo saƙa suka gaji da jira suka kwashe zarensu, bai ko bi su da ido ba. Kullum dai yana ce mata, "Ki warke, akwai maganar da zan gaya miki."

Ranar da tsutsar ta fito ɗungurungum, ya ɗauki karan ya fita ƙofar gida yana nuna wa masu wucewa, kamar wanda aka yi wa haihuwa. Da ya dawo ta ce, "To, sarkin zare, ga ni na warke. Mece ce maganar?" Ya dafa ƙirji, har yanzu shiru, ba bugu ba rawa. Amma da ya dubi ƙafar nan, ya ga in ta taka ta bar gidan bai san wanda zai lura mata da tabon ba, shi kuwa bai yarda da hannun kowa ba. Sai ya ce, "Cewa zan yi, daga yau ni zan riƙa tace miki ruwan sha." Ta ce, "Duk jan ran nan a kan ruwa?" Ya ce, "A kan ruwa." A nan gwaggo ta tafa hannu ta ce wa amaryar, shi ya sa Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ni dai na yarda da misalin nan, zaman da na yi da baban su Barira ya nuna mini. Amma Barira yarinya ce, kuma ba zan roƙi Allah ya kai ciwo gidanta don ta gane ba. Tsorona, in na ba ta labarin ta ɗauka cewa nake ta haƙura da gayan tuwo har tsufa. In na yi shiru kuma, ta saki abin da wasu suke nema da kuka. Jibi za ta dawo karɓar daddawa. 'Yan'uwana mata, ku da kuka aurar kafin ni, in zaunar da ita in gaya mata, ko in bar ta ta gano da kanta?