Ɗanta Yana Can Sama

Ba su kai rabin dutsen ba Nazeer ya tabbatar tsohuwar nan za ta ɓata masa rana. Sauran 'yan ayarin, ma'aikatan ofis masu takalman hawa da gorunan ruwa, tuni suka sha kwana suka ɓace cikin itatuwa. Ita kuwa Mama Margaret tana baya da silifas, gwiwa a kumbure, tana jan ƙafa. Dokar gandun dajin ta hana ɗan jagora irinsa barin kowa a baya, sai ya tsaya yana cizon leɓe.

Tun a geti ya so hana ta. Hanyar ba ta da tsananin wuya, amma ba ta masu ciwon gwiwa ba ce. Ta ce daga Gwagwalada ta biyo motar farko, ta sayi tikiti kamar kowa, kuma ɗanta Yamusa yana can sama. Ranar Litinin za a rufe hanyar saboda rumfar shan iska da ake ginawa a ƙololuwa. In ba ta hau yau ba, shi ke nan.

Nazeer ya san akwai leburori a sama, tun makon jiya can suke kwana. Ya ji haushin Yamusan nan tun bai gan shi ba. Wane irin ɗa ne zai bar uwa ta hau masa dutse da wannan ƙafa? Ya ciro waya, ya ce bari ya kira shugaban aikin a turo shi ƙasa.

"Bar waya, oga," ta ce. "Ba zai iya sauko ba. Ni ne zan je na kawo shi gida."

Jakarta tana bisa kafaɗa daf da ƙeya, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Ya karɓa don ya rage mata nauyi, sai ya ji ta sakayau. Ko taku kaɗan bai yi ba ta miƙo hannu ta karɓi abinta.

Inda allo ya nuna dama, ta yi hagu ba tare da ta dubi allon ba. Ya bi ta zai yi faɗa, ya tarar da ita tana wanke fuska a wani idon ruwa ƙarƙashin falalen dutse. Can gaba, wurin ramukan nan masu santsi da masu hawa kan zauna su sha ruwa, ta durƙusa ta sa tafin hannunta cikin ɗaya, ta daɗe tana shafa shi. Ya ɗauka gajiya ce.

Don ya ɗebe mata kewa, ya ba ta labarin da yake ba kowane ayari. A ƙololuwa akwai tulin duwatsu, duk wanda ya kai sai ya ɗora nasa, ya hau kai a ɗauke shi hoto. An ce Turawa masu awon ƙasa ne suka fara shi. Shi kansa ya ɗora da yawa.

Abu ɗaya ta tambaya, ko tulin yana nan. Ya ce saura rabi, leburori suna kwashewa suna cikon harsashin gini.

Daga nan ba ta ƙara tsayawa hutu ba. Ta faɗi a kan tsakuwa, gwiwar ta fashe, ta tashi. Silifas ɗaya ya tsinke, ta bar shi a wurin. Haushin Nazeer ya koma tausayi, ya ƙudura a ransa sai ya gaya wa ɗan nan magana mai zafi a gaban abokan aikinsa.

Suna kaiwa ya wuce 'yan ayarinsa da ke ta ɗaukar hoto, ya nufi shugaban aikin, ya ce a kira masa Yamusa. Mutumin ya dubi yaransa masu kwanon sarki a ka, ya girgiza kai. Ba su da mai wannan suna, ba su taɓa yi ba.

Nazeer ya waiwaya. Mama Margaret tana durƙushe gaban abin da ya rage na tulin, tana sauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga na ƙasan, baƙaƙe, waɗanda suka nutse cikin ƙasa. Ta buɗe jakar. Ƙaramar fartanya ce a ciki, da sabon farin ƙyalle, da majanyin goyo da ya koɗe.

"Babansa ne ya jera waɗannan, saboda kura," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ranar da motoci suka zo kwashe ƙauyenmu daga dutsen nan, shi kaɗai na bari. Zo ka taya ni tono a hankali, ɗana. Ƙashinsa ƙanana ne, ko haƙori bai fitar ba."