Sa Mai Tabarau

Tun da Ikrima ya sayi babbar waya, mutanen Kurmin Kogi ba su ƙara hutawa ba. Duk majalisar da ya zauna sai ya jawo zancen NFT, har aka laƙaba masa Malam En-ef-ti. Shi kuwa amsawa yake da fara'a, a ganinsa sarauta aka ba shi.

Bayaninsa ɗaya ne kullum. Hoto ne a intanet, kowa na iya kallo, kowa na iya kwafa ya ajiye a wayarsa. Amma akwai wata babbar rajista da ba ta gogewa, inda ake rubuta ko waye mai shi, kuma wannan rubutun ake saye. Yakan ce kamar tsagar da ake yi wa sa a kunne ce, kowa ya gani ya san na gidan wane ne.

Wani dattijon Bafulatani ya taɓa katse shi. "To yaro, in na biya, kunnen za a ba ni ko san?"

Majalisa ta bushe da dariya. Ikrima ya yi murmushin tausayi, ya ce a ransa jahilci ya fi hauka ciwo.

Da jama'a suka fara sulalewa in sun hango shi, sai karatu ya koma gida. Matarsa Zulaihatu mai sana'ar lalle ita ce ɗalibar da ba ta da wurin gudu. Tana kwaɓa lalle tana cewa to. Yadda ake buɗe asusu, yadda ake ɗora hoto, yadda ake sa farashi, duk ya zayyana mata, ba don komai ba sai don yana son jin muryarsa. Sau ɗaya tak ta yi tambaya, ko dole ne sai an san fuskar mai sayarwa. Ya ce ko akuya ce ke sayarwa babu mai sani.

Rannan ya sanar da ita zai sayar da Goje ya shiga harkar da ƙarfinsa. Goje shi ne farin sa cikin shanun huɗarsu biyu, gadon mahaifinsa. Zulaihatu ta roƙe shi har da hawaye, ta tuna masa damina saura wata guda, garma kuwa ba ta tafiya da sa ɗaya. Ya ce kafin ruwan farko tarakta zai kawo. Kwana uku ba ta da aiki sai latsa waya, ya ɗauka fushi ne haɗe da cinikin lallen amare.

A kwana na huɗu saƙo ya shigo masa daga wani mai zane, Sir Zed, wai daga Dubai. Zanen farin sa ne sanye da baƙin tabarau, ƙafafunsa sun sha jajayen furanni, shi kaɗai a duk duniya. Har da 'yar tsaga a kunnen hagu, abin da Ikrima ya ɗauka alamar nasibi ce. Farashin ma ya zo daidai da abin da Goje zai yi a kasuwa. Sai dai tayin zai rufe ranar kasuwar Makarfi da la'asar.

A kara, wurin cinikin shanu, bai sha wahala ba. Wan matarsa, Zayyad, dillalin shanu ne, ya karɓi igiya ba ja-in-ja, ya ce akwai mai so yana jira. Kafin a kira la'asar Ikrima ya danna waya ya biya, rajistar da ba ta gogewa ta shaida cewa shi ne mai sa da tabarau. Ya ci tsire, ya sha rake, ya hau mota yana kallon sauran fasinjoji da tausayi.

Ya sa hoton a kasuwa ninki goma. Shiru. Ya sauko zuwa biyar, ya dawo yadda ya saya, ya raba biyu, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Ruwa ya zuba, maƙwabta suka fita huɗa, sansa guda yana tsaye a turke yana kuka. Kunya ta hana Ikrima zuwa majalisa. Sai a lokacin tambayar Bafulatani ta dawo masa, ta kuma yi masa ciwo ƙwarai.

Wata safiya Zayyad ya yi sallama, riƙe da igiya. Goje ne, ya yi ɓulɓul.

"Mai shi ya ce a ba ka ka yi huɗa. Aro fa, ba kyauta ba."

"Wane bawan Allah ne wannan, Yaya?"

"An ce kar a faɗa."

Ikrima ya rungumi wuyan san, idonsa ya ciko. Ya ƙudura ko ta yaya sai ya fanshe shi. Ya zauna kan turmi ya rubuta wa Sir Zed doguwar wasiƙa, ya haɗa shi da Allah ya karɓi hotonsa ko da rabin kuɗi ne. Ya tura.

Daga madafa wata waya ta yi ƙara. Ya ƙara da "Don Allah, yallaɓai." Ta sake yin ƙara.

Zulaihatu ta fito da kwanon fura, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, bayan hannunta ya sha jajayen furanni.

"Ni ba na sayen hoto, Baban Khairat. Amma in ka gama huɗa, ka ba sana dusa."