Magadan Jirgin Mushe Isufu

"Tsadar abin nan za ta kori kowa, kai kaɗai za ka yi wasanka," in ji Hajiya Yakura, ranar da mijinta Isufu, tsohon malamin tarihi da ake kira Mushe irin na Faransanci, ya sayar da raƙumarsa ya sayo ɗan jirgin ƙasa na wasa daga Faransi. Shi kuwa ya rantse sai ya samu magadan wasan a Gure.

Ga alama ya samu. Kullum bayan la'asar zaurensa cike yake da malaman lakwal, wato makarantar boko, da ma'aikatan asibiti. Sukan kewaye teburin cikin ladabi, yana ba su tarihin isowar dogo Nguru a 1930.

Ran Juma'a ya kira Hajiya ta zo ta sha kunya. Ya danna maɓalli, jirgin bai motsa ba. Ya ɗage mayafin tebur don duba batirin hasken rana da ke jan jirgin. Sai ga wayoyin salula jere, kowace da igiyarta a jikin batirin.

Majo Tukur, babban ma'aikacin jinya na asibiti, ya gyara zama.

"Mushe, a ci gaba da Nguru. Tawa saura kaɗan ta cika."