Sulallan Sin a Jakar Rilwanu

Jakar Rilwanu ta shiga na'urar bincike a filin jirgin Alƙahira, ba ta fito ba. Sai wata jami'a mai suna Samah ta yafito shi zuwa wani ɗan ɗaki.

Ya gama karatu ke nan, Kano zai koma. Ƙunshin da ta zazzage a kan tebur ba nasa ba ne. Habu, abokin zamansa a unguwar Darrasa, shi ya roƙe shi ya kai wa yayansa tsaraba. Habun ne ma ya sayo masa tikiti, ya dage sai jirgin Talata.

Sulalla ne na tagulla, sun yi kore, an zarge su a igiya. Sun yi kama da tsohon kwabo mai huji, sai dai hujin nasu kusurwa huɗu gare shi.

"Kuɗin Sin ne na dauri," in ji Samah. "Idan a ƙasar Masar aka tono su, kurkuku za ka."

Rilwanu ya rantse bai taɓa buɗe ƙunshin ba. Ya kira Habu, waya a kashe. Ya tuna Inna, wadda tun jiya take soya kajin tarbarsa.

Aka kira masanin kayan tarihi da ke aiki ranar Talata, wani dattijo, Dokta Mahir. Ko kallon Rilwanu bai yi ba. Ya ɗaga sule ɗaya, ya yi wa Samah bayani: Sinawan zamanin da ba buga kuɗi suke yi ba, narka tagulla suke yi su zuba, fatake kuma su yawata da su a jiragen ruwa.

Ya kankare da farce, ya sansana.

Sai dattijon ya yi tsaki. "Jabu ne, na 'yan yawon buɗe ido. Khalas, shi ke nan, ku sallame shi."

Samah ta ce wa Rilwanu ma'alish, wato ya yi haƙuri, ta mayar masa da kayansa. Ya fito yana hamdala.

A bakin ƙofa Dokta Mahir ya gifta ta gefensa, ya rage murya:

"Ka gaida min Habu. Kuma ka riƙe su a hankali, ɗana, sun haura shekara dubu."