Saƙon da Baba Ya Ajiye Mini

Kwana uku bayan ambaliya ta tafi da Baba a gona, Mama ta miƙo mini wayarsa.

Ni na tsara saƙon gargaɗin da ake tura wa manoma. Ranar da muka yi gardama a taron sauyin yanayi, abokin aikina ya ce, "A ɗauki mutane su bi gida-gida su faɗa da baki."

Na yi masa dariya. "Haba, a wannan zamanin? Waye ba shi da waya?"

Na kunna wayar. Saƙona ya iso tun kwana biyu kafin ruwan, ba a buɗe ba.

"Ya ji shigowarsa," in ji Mama. "Ya ce a bari sai kin zo ranar Asabar ki karanta masa, kamar kullum."