Ƙirjin Atika

"Saboda ƙirjinki na baro Bur Sudan," in ji Harisu, yana lasar leɓɓansa da suka tsattsage. "Na sayar da jirgin kamun kifina, na zo garin da ko gumi ba ya zama a jikin mutum." Tari ya katse shi, ya ɗora laifin a kan ƙurar garin Gadarif.

Matarsa Atika ta yayyafa ruwan randa a shimfiɗarsa, ruwan ya bushe kafin ta juya. Haka yake goranta mata kullum, tun ranar da ta ce likita ya hana ta zama cikin danshin bakin teku.

Da ya raka ta asibiti, sai likitan ya wuce ta, ya ɗora abin awonsa a ƙirjin Harisu.

"Ita ce marar lafiya!" in ji Harisu.

Likitan ya daɗe yana saurare, sannan ya girgiza kai. "An makara, ya Hajja."

Harisu ya juya ga matarsa.

"Lafiyata lau, Malam," ta ce. "Da na ce don kai ne, wallahi da ba ka taso ba."