Abin da Ya Rage a Kaset

"Inna, muryar da aka naɗi wani abu a kanta ba ta dawowa," in ji mai gyaran rediyon Gyadi-Gyadi.

Tsohuwar ta zauna a benci, riƙe da kaset ɗinta. Tun safe ta baro Tarauni tana bin shaguna, kowa amsarsa ke nan. A kaset ɗin nan marigayi mijinta ya bar wa iyalinsa wasiyya, jikanta kuma ya naɗi kiɗan biki a kai bisa rashin sani.

"Saka dai mu ji," ta ce.

Kalangu ya yi ta tashi har ta fara gyangyaɗi. Can dab da ƙarewar zaren, kiɗan ya yanke. Sai aka ji gyaran murya guda mai kauri, kaset ya tsaya.

"Kin gani? Ko kalma ɗaya ba ta tsira ba."

Ba ta ma ji shi ba. Tuni ta miƙe tana gyara ɗankwali, kamar yadda ta saba duk sa'ad da wannan gyaran murya ya taso daga zaure.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce.